Ƴan Rakiyar Mami

Da ƙarar cokali abin ya fara. Ƙyas, ƙyas, ƙyas, a jikin bututun ɗumama ɗaki, wanda ya ratsa madafata ya sauka zuwa gidan da ke ƙasa da namu. Lokacin ba mu daɗe da tarewa a benen Vaulx-en-Velin da ke gefen birnin Lyon ba, ina zaune a ƙasa ina daka yaji a ƙaramin turmin da na yi dakonsa tun daga Maradi. Na shimfiɗa masa tsohon bargo ninki biyu don kada sautin ya sauka. Da na ji ƙyas ɗin sai na ajiye taɓarya, domin tun kafin mu zo mata sun gargaɗe ni cewa mutanen nan ba sa hawowa su yi maka magana. Bututu suke bugawa, in ba ka ji ba su kai ƙararka wurin masu gida.

Na daina daka. Miya ta lalace, maigida ya fara tambaya ko daddawar ce ta ƙare. Amma ƙyas ɗin bai daina ba. Na ce to tafiyarmu ce, na sa yara yawo da safa kamar ɓarayi. Bai daina ba. Wata safiya na gaji, na soya masa na jera a faranti, na tattaro Faransancin da na koya a kwaleji, na sauka ba da haƙuri.

Wata ƴar tsohuwa ce ta buɗe, gashinta fari fat, tabarau na rataye a wuyanta da igiya. Cokalin shayi na hannunta na dama, a hagu kuma takardu cike da baƙaƙen ɗigo kamar tururuwa sun hau layukan waya. Na fara jero ban haƙurina, tana kallona tana kallon masar. Da ta gane sai ta dafa ƙofa tana dariya. Ta ce ita waƙa take koyo, da cokalin take riƙe tafiyar waƙar don kada ta wuce ƴan uwanta mawaƙa, bututun kuwa shi ne ƙarfe mafi kusa da kujerarta. Ta tambaye ni me ya sa na daina dakan, ai yana ɗebe mata kewa. Roƙonta ɗaya ne, in ɗan rage sauri, waƙar da suke koyo a hankali take tafiya, turmina yana janta da gudu.

Haka na yi watanni ina daka yaji da saurin waƙar wani Bajamushe da ya mutu tun kafin a haifi kakan kakana. Yajin bai taɓa yin laushi irin na lokacin ba.

Yarana suka sa mata Mami, kamar yadda jikoki ke kiran kakanninsu a nan, ni ma na bi su. Mijinta ya rasu, ta yi ritaya daga gidan waya, ɗanta ɗaya ne, yana da farmasi, wato kantin magani, a Paris. Hotonsa na manne a firij, kuma a cikin jakar yadi mai ɗauke da sunan farmasin take zuba takardun waƙarta. A hankali na fahimci abin da take yi. Ƙungiya ce ta mutanen gari, suna kiranta koral, suna haɗuwa a Villeurbanne da yammacin Talata. Akwai tsofaffi irinta, akwai direban bas, ma'aikatan asibiti, da ɗaliban jami'ar nan. Babu mai biyansu ko sisi. Sun kasu gida huɗu bisa kaurin murya, Mami tana cikin matan da muryarsu ta yi ƙasa. Daga kaka zuwa farkon zafi suke fitowa gaban jama'a jefi-jefi su rera abin da suka koya, duk tsofaffin waƙoƙi ne da Jamusanci ko Latin ko Italiyanci. Na tambaye ta ko tana jin harsunan. Ta ce ko kaɗan. Na ce to ai ba baƙon abu ba ne, mu ma muna ƴan mata mun haddace waƙoƙin Indiya tsaf, har kuka muke yi, ba mu san ko zaginmu ake ba.

Da fitowarsu ta farko ta matso, sai ta miƙo mini tikiti tana kallon gefe, ta ce in ba ni da lokaci ba komai. Na kai wa maigida maganar. Ya tambaya ko a coci ne, na ce a zauren magajin gari ne. Ya tambaya ko akwai giya, na ce babu. Rawa fa? Na ce ta ce tsaye suke yi kamar an dasa su. Sai ya ce maƙwabciya ce, haƙƙinta yana kanmu, in je.

Ban taɓa shiga taro mai shiru irin wannan ba. Ko a zaman makoki ana jin motsin carbi da kukan jariri. Nan kuwa mutum ya haɗiye yawu sai na gaba ya waiwayo. Tari ya taso mini, na danne shi har hawaye suka fito. Mawaƙan suka shigo cikin baƙaƙen kaya, na hango Mami a jeri na biyu. Sai wata doguwar mata ta fito, mai jagorantarsu wadda suke kira shef, ta ɗan rusuna mana, ta juya mana baya, ba ta sake waiwayowa ba. Na ce a raina wannan ba ta samu tarbiyya ba, jama'a sun taru dominki ki ba su ƙeya.

Sai ta ɗaga hannu, muryoyin suka tashi. Maza suka fara daga can ƙasa kamar hadari na haɗowa daga gabas, mata suka hau kai, wasu suka biyo su da maganar da na farko suka riga suka faɗa, kowa na tafiyarsa amma babu mai taka wani. Ban ji kalma ɗaya ba. Na dai tsinci kaina ina tuna mahaifiyata tana tankaɗe a tsakar gida, ina ta salati a zuciyata. Da aka yi hutun tsakiya na nemi inda zan yi la'asar, matar da ke tsaron rigunan sanyi ta matsar mini da su, ta tsaya a bakin wurin tana hana mutane wucewa har na idar.

Abin da ya tsaya mini a rai bayan an tashi ya faru. Kowane mawaƙi da nasa. Wannan mijinta ya kawo furanni, wancan jikoki sun rataye a wuyansa, ɗaliban ma abokansu sun zo suna tsokanarsu. Mami ta ɗauki rigar sanyinta ta sa da kanta, ta rataya jakar farmasin, ta tsaya tana gyara maɓalli, ta sake gyarawa.

"Mami, wa ya zo miki?" na tambaye ta.

"Ke," ta ce.

"Ɗanki fa?"

"Aiki ya yi masa yawa." Sai ta koma zancen sanyi.

Na dawo gida na kasa cin tuwo. Na ce wa maigida, ɗa guda, jirgin ƙasa na kai mutum Paris kafin wake ya nuna, uwarsa ta tsaya gaban jama'a bai zo ba? Wannan ba aiki ba ne, akwai babbar rigima. Muka zauna muna lalube, ko gadon uban ne, ko matarsa ce ta shiga tsakani. Maigida ya ce ko ma mene ne, ba mu aka kira ba, in tsaya a kan masa da gaisuwa. Na ce to. Bakina ne ya ce to.

Fitowa ta biyu a coci aka yi ta, lokacin bikinsu na ƙarshen shekara. Na gaya wa Mami ba zan samu zuwa ba, ta ce ta sani, shi ya sa ba ta kawo tikiti ba. Na dafa mata citta da zuma da lemun tsami na cika fulas saboda maƙogwaro. Ta dawo da fulas ɗin a bushe, ta ce duk jerinsu sun sha, har wani mai kaurin murya yana tambaya ko ana sayarwa. Na tambayi ɗanta. Aiki ya yi masa yawa.

Akwai wata Hajiya ƴar Damagaram a Rillieux-la-Pape, ƙawata ce, mai sayar da shadda da turaren wuta, mace mai jiki da murya da zuciya, duk manya. Na ba ta labari a waya. Ba ta bari na ƙarasa ba ta ce, in ɗanta ya ƙi ta, mu ne danginta, a fitar da anko. Na ce Hajiya, ba biki ba ne. Ta ce mace ta tsaya gaban jama'a ana kallonta, in wannan ba biki ba ne mene ne?

Fitowa ta uku da bazara ce, a zauren nan na farko. Muka zo, ni da Hajiya da ƙawayenmu, jeri guda cur, cikin atamfa kore da ruwan goro, ɗaurin kowa ya fi na ƴar uwarta tsawo, har wani dattijo da ke bayanmu ya tashi ya sake kujera. Kulolin dambu muka ɓoye wurin matar rigunan sanyi. Tun a tiram, jirgin cikin gari, na karanta musu dokoki. Ba magana, ba waya, ba buɗe alewa, kuma ba tafi sai an ga Turawa sun fara, domin waƙar kashi-kashi ce, ana yin shiru a tsakani amma ba a gama ba. Duk suka ce sun ji. Abu ɗaya ne ban ambata ba, don ko a mafarki bai zo mini ba.

Kashi na farko ya ƙare da ƙarfi, muryoyin duka suka haɗu a sama suka tsinke lokaci ɗaya. Hannayen shef na sama ba ta sauke ba. Zauren ya yi tsit. A cikin wannan tsit ɗin Hajiya ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, irin ta Damagaram, mai tsawo, mai lanƙwasa a ƙarshe.

Ranar na fara ganin fuskar shef ana cikin waƙa. Ta juyo gaba ɗaya, bakinta a buɗe. Wata mata a gabanmu ta rungume jakarta. Na so ƙasa ta tsage. Na dubi Mami, na ga ta rufe fuska da takardunta kafaɗunta na rawa, na ce shi ke nan, mun sa tsohuwa kuka a gaban mutanenta. Sai direban bas ɗin nan da ke jerin baya ya fashe da dariya, ta bi ta cikin mawaƙan kamar wuta a ciyawa. Ashe Mami ma dariya take. Da ƙyar shef ta tattaro su.

A waje na tare Hajiya. Ba ta ko ji kunya ba.

"Ke ce kika ce ba tafi, ban tafa ba," ta ce. "Bayin Allah sun yi ta wahala har jijiyar wuyansu ta fito, aka yi musu shiru kamar sun yi laifi. Ni ba zan iya gani ba."

Shef da kanta ta zo inda muke, da farantin dambu a hannu. Ta ce wa Hajiya nan gaba ta jira sai ta ga an sauke hannu an juyo, sannan ta yi iya son ranta. Hajiya ta ce in dai za ta riƙa juyowa tana duban mutane, an shirya. Ban fassara wannan ba. Aka sa Mami a tsakiyarmu aka ɗauki hoto, baƙar rigarta a cikin korenmu, Hajiya ta cire gyalenta ta yafa mata.

A metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, muna komawa, ni da Mami kaɗai, na ga ta buɗe hoton a wayarta, ta nemo sunan ɗanta, yatsanta ya tsaya a sama, sai ta kashe wayar ta mayar jaka. Can ta ce mini fitowar ƙarshe a Paris za a yi, wata koral ta can ta gayyace su. Ta ce kuma ita ce ta ƙarshe gare ta, ta riga ta gaya wa shef. Muryarta ta fara rawa a dogon sauti, gwiwoyinta ba sa ɗaukar tsayuwar. Na ce to wannan karon ai a garinsa ne, zai zo. Ta ce, "Ba zan dame shi ba."

Na riƙe wannan maganar har gida. Uwa ta ce ba za ta dami ɗanta ba, a garinsa, a fitowarta ta ƙarshe. Rigimar ta fi yadda muka zata. In ya wuce wannan ranar, ba zai taɓa jin uwarsa tana waƙa ba har ya mutu, ita kuma za ta ajiye takardunta ba tare da nata ya gan ta ba. Na zayyana wa maigida haka ina share hawaye da bakin zane. Ya ce sai dai a gaya wa Yaya.

Yayansa yana Paris tun kafin mu zo ƙasar, yana tura motoci da kaya gida ta jirgin ruwa. Muna ce masa Yaya Alhaji. Sana'arsa ta gaskiya kuwa sulhu ce. Ma'aurata, abokan ciniki, ƴan uwan da suka daina gaisawa, duk ɗakinsa ake kai su, kuma yana alfahari da cewa bai taɓa tashi daga zama ba a sha hannu ba. Da ya ji Bature ne sai abin ya ƙara masa daɗi, ya ce bai taɓa gwada hannunsa a kansu ba.

Muka hau jirgin ƙasa ranar jajibiri, muka bar yara wurin Hajiya. Mami ta san za mu je kallon waƙa, ba ta san sauran ba. Yaya Alhaji ya tarbe mu cikin babbar riga fara mai aiki, da dabino da turare a leda. A hanya ya tsara mana yadda za a yi. Ba a fara wa mutum da laifinsa. A gaishe shi sosai, a yabi mahaifinsa, a sassauta murya, a shigo da maganar a hankali. Shi zai yi magana, ƙanensa ya fassara, domin Faransancinsa na kasuwa ne, bai dace da maganar uwa ba. Ni kuwa shaida ce, in yi shiru. Dama a gaban yayan miji ba ni da baki.

Sunan da ke jikin jakar Mami ya kai mu farmasin. Muka shiga layi, duk wanda ya zo bayanmu Yaya Alhaji ya ce ya wuce, har wurin ya yi sauƙi. Ya nemi mai wurin. Wani mutum ya fito cikin farar riga, hancin Mami sak a fuskarsa. Yaya Alhaji ya kama hannunsa da hannu biyu ya fara. Ina gajiya, ya iyali, ya yara, ya aiki, ya kasuwa, ya muka ji da zafi. Maigida na fassarawa, mutumin na cewa lafiya, lafiya, idonsa na kan hannayenmu yana neman takardar likita. Da aka gama zagaye na biyu, Yaya Alhaji ya sunkuyar da kai, muka sunkuyar, ya sassauta murya kamar yadda ya tsara, ya ce daga Lyon muke, mun zo ne a kan maganar mahaifiyarka.

Na ga jini ya bar fuskar mutumin. Ya lalubi kujera ya zauna. Sai a lokacin na ga abin da yake gani, baƙi uku da fuskar jimami, sun yi doguwar tafiya, suna ta kewaye-kewaye. Na manta da kunyar yayan miji.

"Tana nan da ranta," na ce da Faransanci. "Jiya ma na bar ta tana cin masa."

Ya shigar da mu ɗakin baya, muka zauna a tsakanin kwalaye, wata ma'aikaciyarsa ta kawo masa ruwa. Yaya Alhaji ya harare ni kaɗan ya ci gaba daga inda ya tsaya. Ya ce duk abin da uwa ta yi wa ɗanta, haƙuri ake yi. Mutumin ya tambaya me ta yi. Yaya Alhaji ya juya, ya ce to duk abin da ɗa ya yi wa uwarsa, uwa mai yafewa ce. Mutumin ya tambaya me ya yi. Ya ce kowace Lahadi suna waya, wani lokacin har abincinsa ya huce.

Maigida ya kawo maganar waƙa. Mutumin ya ce e, ya san tana zuwa waƙa ranar Talata. Ya sha cewa zai zo ya ji, ta ce ba wani abu ba ne, tsofaffi ne ke ihu, kada ya ɓata hutunsa. Ya ɗauka ba ta son ya gan ta ne, shi kuma bai son ya takura mata. Da muka ce gobe tana garin nan, kuma daga ita ba ƙari, sai ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin rigarsa.

Yaya Alhaji bai yarda nan take ba. Ya sa a tambaye shi ko batun gado ne. Babu. Ko matarsa ce ba sa jituwa? Ya ce ai su biyun sun fi shiri da juna fiye da shi. Ko wata tsohuwar magana ce tun yana yaro? Mutumin ya yi tunani da gaske, don ya ga dattijon na buƙata, amma bai samo komai ba. Ban taɓa ganin an ba mutum labari mai daɗi ya yi baƙin ciki irin na Yaya Alhaji ba. Ya gyara zaman rigarsa, ya ce tun da an riga an zo, ba za a koma da nasiha a ciki ba. Ya yi ta cikakkiya, daga ɗaukar ciki zuwa goyo zuwa yaye zuwa daren zazzaɓi. In ya yi dogon jawabi, maigida ya mayar da shi kalma kaɗan, Yaya Alhaji ya dube shi ya ce anya ka faɗi duka? A ƙarshe ya sa mutumin ya sha hannu da shi, da maigida, don kada a ce an tashi ba a sha hannu ba. Muka bar dabino da turare, muka fito da man shafa na ciwon gwiwa.

A bakin titi Yaya Alhaji ya tsaya ya tambaye ni ko ɗan fari ne. Na ce shi kaɗai ne ma. Fuskarsa ta washe.

"To ai shi ke nan," ya ce. "Kunyar ɗan fari ce. Ashe su ma suna da ita. Da kin faɗa tun farko da ban sa wannan rigar ba."

Washegari da rana aka yi waƙar a zauren wata makaranta. Ɗan Mami na jerin gaba da matarsa da ƴarsu, yarinya ƴar kimanin shekara bakwai, rungume da furannin da suka kusa rufe ta. Mu muna can tsakiya. Sai a lokacin tsoro ya kama ni. Mace ta ce ba za ta dami ɗanta ba, ni na tsallake gari na je na damo mata shi.

Mawaƙan suka fara shigowa a jere. Mami ta hau matakala a hankali, ta ɗaga kai, ta tsaya cak, har matar da ke bayanta ta yi karo da ita. Ba ta daɗe tana duban ɗanta ba. Ta sa tabarau ta bi zauren jeri-jeri har ta same ni, ta yi mini wani kallo da rabona da irinsa tun ranar da na fasa tulun kakata.

A kashi na farko bakinta da ƙyar yake motsi. Na damƙe carbina a cikin jaka ina roƙon Allah kada in zama sanadin lalacewar ranarta. Waƙar manoma ce, an ce, ta shuka da ruwan sama da girbi. Da aka shiga kashi na biyu na ga ta ja numfashi, ta ɗaga haɓa yadda take yi a madafarta in ta manta akwai mutum a wurin. Ba zan ce na tsinci muryarta a cikin muryoyi masu yawa haka ba. Na dai ga ɗanta ya daina duban kowa, matarsa ta miƙa masa hankici. Yaya Alhaji kuwa barci ya yi mai kyau, tafi ne ya tashe shi, ya tambayi ƙanensa ko an idar.

Bayan an tashi na bari sai da suka gama rungume-rungumensu sannan na matsa. Furannin na hannunta. Na ce Mami, sannu da ƙoƙari.

"Wa ya aike ki?" ta ce.

Na ce babu kowa.

"Na ce miki ba na son in dame shi. Kin ji ni, ko ba ki ji ba?"

Na ce na ji. Ta ce za mu yi magana in an koma Lyon, ta juya mini baya.

Na fita na tsaya a bakin ƙofa, inda motar da ta kawo mawaƙan ke jira, suna ta shiga da jakunkunansu. Maigida ya zo ya tsaya kusa da ni, ya yi mini alherin rashin cewa ai na gaya miki. Ina tunanin yadda za mu riƙa haɗuwa a matakala ana gaisuwar nesa-nesa, da abin da zan ce wa yara in sun tambayi me ya sa ba a sauka wurin Mami. Idona ya cika, ina ta laluben bakin gyale.

Sai na ji an ja mini zane. Jikar Mami ce, ta miƙo mini makullin gidan kakarta mai igiyar ulu, ta tsaya ƙyam kamar mai ba da hadda.

"Madam, kakata ta ce in gaya miki har yanzu tana fushi da ke. Ta ce ba za ta bi motar ba, a gidanmu za ta zauna sai ta gaji, ki riƙa ba furanninta na gida ruwa, na kan taga ba sa son da yawa. Kuma ta ce kada ki yi murmushi, tana kallonki."